Jajayen Tsummokaran Gonar Kawu

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da ranar da na kusa raba Kawu Sule da irin dawar da ya yi shekara huɗu yana tattali. Da hannuna na yi ɓarnar, kuma ina yi ina murnar ladar da nake samu.

Lokacin ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin halittu. Ni ɗan gidan malamai ne a Batsari, mahaifina Islamiyya gare shi, allo da tawada na tashi na sani. Gona kuwa sai dai in hango ta daga kan mashin. To da za a tafi hutu, lakcaranmu na tsirrai ya ce kowa ya dawo da zane goma na amfanin gonar garinsu, da fensir, daga saiwa har kai, ban da ɗaukar hoto da waya. Wai wanda bai zana ganye ba bai gan shi ba. (Ni da na fi kowa iya zayyanar allo a gidanmu, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.)

Na ɗauki jakata sai ƙauyen Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, can wajen Safana. Gonakinsa na daji duk sun gagara zuwa saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Saura guda ɗaya a bakin gari, ita ma ƙuduji ya addabe ta, ciyawar nan mai kyan fure da ke tsotse dawa ta saiwa. Da wannan gonar yake riƙe da gida.

Kwana biyu ina cikin dawa kamar an buɗe mini sabuwar duniya. Ashe gefen ganyen kaifi gare shi, har ya yanke ni. Ashe akwai saiwoyin da ke fitowa daga gaɓar kara su soki ƙasa, su tokare shi kada iska ta kayar. Na tono ƙuduji na ga yadda ya maƙale wa saiwar dawa kamar kaska. Komai na gani sai na tambayi dalili. Matsalar ita ce kaina kaɗai nake tambaya.

A rana ta uku na lura da jajayen tsummokara ɗaure a jikin wasu karare, nan ɗaya, can ɗaya. Na tsaya ina nazari. Korar tsuntsu? Sun yi ƙasa da yawa. Iyakar gona? Ai a tsakiya suke. Na zaga na ƙirga, talatin da bakwai, duk ja, duk ƙulli biyu. Nan take ɗan malamin da ke cikina ya ture ɗan jami'ar gefe. Na ce shi ke nan, wani boka ya ba Kawu maganin baki, talauci ya kai shi ga shirka. Wallahi har tausayinsa na ji. Na yi bisimilla na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwancewa, ina karanta Falaƙi da Nasi, ina zubawa a leda.

Bayan la'asar na iske shi a ƙofar gida kan tabarma, shi da maƙwabcinsa Malam Idi da wasu dattawa biyu. Da mai hankali ne, da ya ja shi gefe. Ni kuwa na durƙusa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na gyara murya.

"Kawu, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ba mai tsare shuka sai Allah. A kimiyyance ma tsumma ba ya ƙara wa dawa komai."

Na zazzage ledar a gabansu.

Kawu ya ɗauki tsumma ɗaya yana jujjuyawa.

"Duka ka kwance, ɗan nan?"

"Duka, Kawu. Ko ɗaya ban bari ba." (Da alfahari na faɗa, Allah na tuba.)

Malam Idi ya kawar da kai, kafaɗunsa na rawa. Kawu kuwa ko murmushi bai yi ba.

"Tsohon zanen Innarka ne na yayyaga," ya ce. "Kowace damina nakan bi gonar in ga wadda ta riga fitar da kai, kuma ƙuduji bai ci ƙarfinta ba, sai in ɗaura mata alama. Ranar girbi ita ake yankewa daban, ita ce irin baɗi. Shekara huɗu ke nan, sai bana ta fara nuna mini hali. Yanzu duk sun fitar da kai sun yi daidai. Mi zan duba in gane ta fari?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da ya ƙara kashe ni, wannan zaɓen iri shi ne darasin da muka yi a zangon da ya wuce, na haddace shi da Turanci, na ci maki mai kyau. Ga shi na same shi a tsaye a gona, na kira shi tsafi.

Don neman mafita na ciro littafina na ce ai na zana uku daga cikinsu. Kawu ya karɓa ya duba da kyau.

"Kyau kam ta yi kyau. A wace kunya take?"

Ban rubuta ba. Na ƙirga jijiyoyin ganye, amma ban san inda karan yake tsaye ba.

Washegari muka koma tare, yana gaba ina biye da ledar. Wasu ya gane su da ido, kamar yadda uwa ke gane ɗanta cikin taro. Wasu kuma ruwan sama ya sa rinin tsumman ya zuba, ya bar ɗan ja a jikin kara. Kwana biyu muna abu ɗaya, sha huɗu muka samu. Ni na ɗaure su, ƙulli biyu-biyu. Bai zage ni ba, kuma wannan ya fi zagi zafi. Cewa kawai ya yi, "Allah ya sa albarka a abin da ya saura." Da damina ta zagayo irin bai kai rabin gonar ba, ragowar sai tsohuwar dawar rumbu ya shuka, ƙuduji ya ci rabonsa.

Labari ya riga ni isa Batsari. Na ɗauka mahaifina zai ce ko banza niyyata mai kyau ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A wane littafi ka karanta ana ba da fatawa kafin a ji tambaya?"

Da zanen nan goma na samu maki mafi yawa a ajinmu, amma har yau ba na son buɗe littafin. Yanzu ko akuya na gani ɗaure cikin rana, sai na nemo mai ita na ji dalili kafin in fara tausayinta.