Kyaftin Vandeputte Ya Ƙi Saukowa

Duk ƙasar Beljiyam babu wanda ya san sararin sama kamar Hilaire Vandeputte. Shi da kansa ya shaida mana haka. Mutum ne kuwa da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin sufeton awo, yana bin kantuna yana kama sikelin da ya yi ƙarya, don haka ba mu yi musu ba. Ranar da ya yi ritaya ya sayi hular matuƙa, ya ce daga yau Kyaftin ne sunansa. A gabansa haka muke cewa. In ya ba da baya, mu 'yan ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida Gaggafar Gareji muke kiransa.

Jirgi kam ya ƙera, wannan ba a ƙwace masa ba. Mai kujera ɗaya ne, na katako da yadi, ja wur kamar tumatir. Shekara goma sha wani abu yana fama da shi a gareji, motar matarsa Godelieve tana kwana a titi ruwa na dukanta. Mazaunin matuƙi a jikinsa ya gwada shi, tun a shekarar farko, lokacin yana da ƙugu. Daga nan duk katakon da ya manne sai ya je ya taya kansa murna da soyayyen dankali da mayonis. Jirgi yana girma, mai jirgi yana girma, ramin zama kuwa yana nan yadda aka yanka shi.

Shiga ba ta ba shi wahala. Ya tsaya a kan kujera, ya fitar da numfashi, nauyi ya ƙarasa aikin. Fita ce sai da igiyar da ya rataya a rufin rumfar jiragenmu, wadda yake kira na'urar saukar matuƙi.

Da lokacin babban taron shekara ya zo, muka sa rai. Ƙungiyarmu ba ta taɓa ɗauko kofin jirgin da ya fi kyawun ƙira ba, kuma ko maƙiyin Kyaftin ya san na bana nasa ne. Da safe ya tara mu a bakin rumfa.

"'Yan'uwa," in ji shi, "yau ba Vandeputte ne zai tashi ba, tarihi ne zai tashi. Ku sai ku biyo ta ƙasa, yadda kuka saba."

Muka biyo ta ƙasa, ni da Godelieve a motata. Muka tarar da fili maƙil da jirage, tantuna har iyakar gani. Kyaftin ya sauka lafiya lau, aka yi masa tafi, aka tura shi layin 'yan takara. Ya cire tabarau. Ya dafa gefen jirgi da hannu biyu ya yunƙura. Shiru. Ya ɗaga kai yana neman igiya, sai ya ga gajimare.

Na matsa na raɗa masa ko mu ja shi. Ya amsa da muryar da ta kai layi na uku, wai matuƙin kirki ba ya barin jirginsa a hannun baƙi. Nan ya kafa fada. Duk wanda ya tsaya sai ya sha bayani a kan manne da iska da lalacewar matasan zamani. Godelieve ta buɗe kujerarta a inuwar fiffike ta hau saƙa. Wani Bajamushe, don girmamawa, ya kawo wa Kyaftin gahawa ya shanye. Wani ya kawo dankali, shi ma bai ga ta ƙi ba. Can da rana ta take, gahawar ta fara neman hanyar fita. Jawabi ya gajarce, fuskar mai jawabi ta koma launin jirginsa.

Sai ga alƙalai, shugabarsu wata dattijuwa, Madam Cuypers. Ta zagaya jirgin tana shafa shi, ta ce ta daɗe ba ta ga aiki mai tsabta haka ba, saura ta duba ciki. Kyaftin ya ce cikin ma haka yake, ya ba ta amanarsa ta tsohon sufeto. Ta ce ba sa ba da maki a kan abin da ba su gani ba. Ya soma kawo tarihin amana a aikin gwamnati.

Godelieve ba ta ko ɗago daga saƙarta ba. "Maƙalewa ya yi, Madam. Tun safe."

Aka kira 'yan kwana-kwana. Babbansu ya leƙa ta nan ya leƙa ta can, ya ce hanya biyu ce, ko zarto ko mai. Kyaftin ya ce gara a yanke masa ƙafa da a taɓa katakon nan. Wani mai suyar dankali ya taimaka da bokitin man suya da ya huce. Aka tsiyaya ta wuya, aka tsiyaya ta gefe, ƙarti huɗu suka kama hammata. Ya fito fit, kamar murfin kwalba. Wandonsa dai ya zaɓi zama a ciki.

Godelieve ta ɗaura masa mayafin tebur mai zanen furanni. Ya tsaya yana ɗiga, ya sanar da jama'a cewa gwajin ƙarfin jikin jirgi ya yi da gangan, kuma jirgi ya ci jarrabawa. Sannan ya nufi bayi da irin saurin da ba mu san yana da shi ba.

Kafin ya dawo alƙalai sun gama shawara. Madam Cuypers ta miƙa masa hannu, ta sake dubawa, ta janye. Ta ce kofi nasa ne. Sai dai ƙa'ida ce wanda ya ci ya tashi ya zagaya fili sau ɗaya, ya sauka, ya fito ya karɓa a gaban jama'a.

"Bismillah, Kyaftin, sai ka koma ciki."

Ya dubi ramin yana ƙyalli. 'Yan kwana-kwana suka fara naɗe hannun riga, mai dankali ya juya zai ɗauko wani bokitin. Kyaftin ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba, ya tambaye ni ko akwai wuri a motata.

Godelieve ta ce akwai, amma a kan jarida zai zauna.