Rasuwar Dogon Wuya, Gilashin Karanta Launuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, duk da cewa zuciyar ta kwana biyu ba ta jin komai sosai, matar marigayi mai gyaran rediyo tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu kawo gyara rasuwar gilashin ƙara girma na shagonsu, wanda aka fi sani da Dogon Wuya. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a bakin teburin aiki, yana da shekara talatin da ɗaya a hannunsu. Shekarunsa na baya ba ta sani ba, don na hannu aka saye shi.

Marigayin ba shi da hayaniya. Maganarsa ɗaya ce, in an lanƙwasa wuyansa ya ce ƙiii, in an sake shi ya ce ƙat. Bai taɓa ƙara wa abu launin da ba nasa ba. Girma kawai yake ƙarawa.

Aikinsa duba risista ne, waɗannan ƙananan abubuwa na cikin rediyo masu kamar ƙwayar shinkafa, masu zobba kala-kala a jiki. Kowane launi lamba ne. Baƙi sifili, ruwan ƙasa ɗaya, ja biyu, haka har zuwa fari, tara. Zobba biyu na farko su ne lambar, na uku ya faɗi sifili nawa za a jera a baya. Mai ruwan zinare a dama ake ajiye shi, in ba haka ba a karanta daga ƙarshe, a ƙona wa mutane kaya.

Akwai abin da marigayin ya rufa wa asiri, kuma yanzu babu wanda zai ji kunya in an faɗa. Maigidan ba ya bambance ja da kore da ruwan ƙasa. Haka aka haife shi. Shi ya sa ba a aikensa sayen tumatir. Masu kawo gyara suna ganin matarsa a kan kujerar bayan kanta kullum, suna tsokanarsa wai ya kasa rabuwa da ita ko na awa ɗaya, shi kuma ya yi dariya ya ce ai laifinta ne da ta iya zama. Ba zama take yi ba. Ita ke sa ido a gilashin ta faɗi launuka a hankali, shi ya faɗi lamba. Ta ce ruwan ƙasa, baƙi, ja, ya ce dubu ɗaya. Aji uku ta yi a makaranta, amma kafin shekara ta zagayo ta haddace lambobin duka, har tana riga shi a zuci. Ba ta taɓa faɗa ba. Nata launi, nasa lamba.

Ciwon ajalin ya fara ne daga wuya. Ya saki, aka ɗaure shi da waya, daga baya aka ƙara da robar taya. Maigidan ya sha cewa zai sa masa sabuwar ƙusa ranar da aiki ya yi sauƙi. Wata huɗu ke nan da aka kai maigidan makwancinsa. Mutane sun yi ta yaba haƙurinta don ba ta yi kuka ba. Ba haƙuri ba ne, kukan ne bai zo ba.

Maigidan ya bar aiki ɗaya bai gama ba, rediyon tsohon mai gadin makaranta. Ya ciro risistar da ta lalace ya ajiye a kan farar takarda, sai zazzaɓi ya kama shi. Tsohon yakan leƙo ya gaishe ta, ba ya tambaya, amma idonsa na kan rediyon. Mai ginin kuma ya ce ranar Asabar zai karɓi mukulli, wani zai shiga.

Ranar Talata ta buɗe shagon ta share ƙura. Ta jawo Dogon Wuya, ya ce ƙiii kamar kullum. Ta juya risistar nan, zinare zuwa dama, ta ce, "Rawaya, shunayya, ja." Sai ta jira. Ba ta san tsawon jiran ba. Mai shayi ya wuce, ya dawo. Can ta ji bakinta ya ce, "Dubu huɗu da ɗari bakwai." Ta miƙa hannu za ta ɗauko gwangwanin risista ta nemi irinta, robar ta tsinke. Bai ce ƙat ba. Ya faɗi da fuska a kan siminti, ya rabu uku.

Ya rasu ya bar ƙarfen narka dalma, wanda har yanzu yana zafi in an kunna shi. Da sukundireba huɗu, ɗaya ba mariƙi. Da gwangwanin madara cike da risista a cakuɗe. Da kujeru biyu. Da mace ɗaya wadda idonta ba ya ganin zobban nan sai da shi. 'Yarta ta ce, "Inna, a kasuwa akwai irinsa birjik." Ta ce mata ta sani.

Za a yi jana'izarsa ranar Juma'a da safe a shagon. Za a naɗe shi a tsohuwar rigar aikin maigidan, a sa shi a aljihun tebur na ƙasa, a tafi da teburin gida. Ba a buƙatar tabarma, ba a buƙatar kuka. Sai dai ana roƙon duk mai lafiyar ido da ya zo da wuri ya zauna a kujerar bayan kanta, ya zazzage gwangwanin a kan farar takarda. Ana neman guda ɗaya mai rawaya, shunayya, ja, da zinare a dama. Dalma kuwa matar ce za ta narka da kanta, ta ga yadda ake yi shekara talatin da ɗaya. An gaya wa mai gadi ya zo da batir.

Wanda zai zauna ba sai ya san lissafi ba. Ya faɗi launi kawai. Ita za ta faɗi lambar.