Namu Ne, Baba

Ba za ni taɓa mantawa da kwana shidan da muka yi a Sakkwato ni da mahaifina ba, ko da ina so in manta, kuma Allah ya sani ina so. Shekara uku ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini ina cin tuwo, sai in tsame hannu.

Baba tsohon falke ne, ƙuruciyarsa kaf a hanyar Sabon Birni zuwa Maraɗi ta ƙare, yana kai kaya yana kawowa. Da girma ya zo, yanar ido ta rufe shi har ba ya gane mutum sai ta murya. Likita a Isa ya ce sai Sakkwato, a yi aiki, kuma a shirya zaman kusan mako saboda dubawa. Ni aka ɗora wa tafiyar. Ba wai na fi kowa hankali ba ne, a'a, ni ke aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma, kuma a gidanmu an yi imani mai aikin gwamnati ba shi da abin yi.

Matsalar farko masauki. 'Yan'uwan da muke da su a birni kowanne gidansa ya cika maƙil da mutanen ƙauye, kowa ya san halin da yankinmu ke ciki, ba sai na faɗa ba. Otal kuwa, kada ma ka fara. A wurin Baba otal wurin giya ne da shashanci, ko da liman ya gina shi. Da na ambata sai ya juyo da fuska inda ya ji muryata.

"Otal? In Allah ya ɗauki raina can, mi za ka ce ma mutane? Ina anka ɗauko gawata?"

Wani abokin aikina ne ya nuna mini a waya irin gidajen nan da ake kamawa na 'yan kwanaki, da gado da kujeru da tukwane, ka shiga da jakarka kawai. Ɗaki biyu da falo, ba hawan bene, ga wurin girki inda za ni dama wa Baba kununsa yadda yake so. Mai gidan wata Hajiya ce mai magana ɗaya. Ta ce mu shiga Lahadi, Asabar ƙarfe sha biyun rana a ba ta mabuɗinta. Na ce ba damuwa. Ranar har tafiyata ta canza a ofis, ina jin kaina wayayye, mutumin da ya san kan duniya. (Ni da ko Gusau sau biyu na taɓa zuwa.)

Muka isa da la'asar. Baba ya ƙi zama, ya ce in riƙe masa hannu. Ya shafa bango, ya shafa labule, ya cire takalmi ya taka tayil da tafin ƙafa, ya murɗa famfo ya ji ruwa ya zubo. Sannan ya zauna a bakin kujera ya ce, "Kai, gidan wa na wanga?"

Nan shaiɗan ya same ni. Na san in na ce haya ce ta kwanaki, tambaya ta gaba ita ce wa ya kwana a gadon jiya, wa zai kwana bayanmu, to me ya raba shi da otal? Kuma Baba mutum ne da zai iya ɗaukar sandarsa ya ce a kai shi tasha. Sai na nemi kalma mai santsi, wadda ba ƙarya ba ce ƙiri-ƙiri, ba kuma gaskiya ba.

"Namu ne, Baba."

A raina, namu na nufin na wani namu, irin yadda in ka haɗu da Bagobiri a Legas kake cewa wannan namu ne. Abin da na manta shi ne tarbiyyar da shi da kansa ya yi mana. A gidanmu ɗa ba ya cewa "nawa" a gaban ubansa. Ko akuya ka saya da guminka, in Baba ya tambaya, tamu ce. Saboda haka abin da ya shiga kunnensa shi ne ɗansa ya yi gida a Sakkwato, kunya ce ta hana shi faɗa kai tsaye.

Can ya ce, "Ba ka taɓa takin manoma ba dai?"

"Wallahi ban taɓa ba, Baba." (Ita ce gaskiya ɗaya tak da na faɗa a makon nan, shi ya sa na rantse da ƙarfi.)

Sai ya ɗaga hannu biyu ya shiga sa mini albarka, hawaye na fita daga idanun da ba sa gani. "Ashe zurfin ciki gare ka. Ni ina yi ma kallon sakarai, ashe gini kaka yi. Allah shi yi ma albarka, Allah shi ba ka masu yi maka."

Jama'a, shekarata talatin da takwas a lokacin, kuma ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Yabo a gidanmu na yayana ne, ɗan kasuwa, ni kuwa "wancan na ofis". Maganar gyara ta zo har maƙogwarona, na haɗiye ta. Na ce wa kaina bari a gama aiki tukuna, kada jininsa ya hau. Ƙarya nake yi wa kaina. Daɗin abin na ji, ban so ya ƙare ba.

Ranar Talata aka yi aikin ido ɗaya, Laraba aka cire bandeji. Da muka dawo daga asibiti na riga shi shiga, na ɓamɓare takardar dokokin gida da Hajiya ta manna a bayan ƙofa, na tura ta ƙarƙashin katifa. Kun ga ke nan na tashi daga mai santsin baki na koma cikakken ɗan damfara. Baba ya tsaya tsakiyar falo yana kallon silin da fanka da sabon idonsa, ya juyo ya dube ni, karon farko cikin shekara huɗu. Ya ce na yi furfura. Ya yi dariya, ni ma na yi.

Alhamis na fita sayen maganin ɗigawa. Ina dawowa na tarar da shi da waya a hannu, fuska sai ƙyalli.

"Na kira Gwaggonka Ige. Na ce ta tattaro ta taho."

Gwaggo Ige ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidan aure, ita kaɗai take zaune a Tsamaye, gonarta ta bayan gari shekara biyu ba mai iya zuwa ya noma. Baba ya daɗe yana roƙon ta ta bar ƙauyen, tana cewa ba ta zuwa ta ƙara wa kowa cunkoso.

"Ga gida ba kowa, ɗaki har biyu," in ji Baba. "Ta zamna ta riƙe ma shi. Wanga karon ta yarda. Yau za ni yi kwana da hankali kwance."

Me na ce? Na ce, "To, Baba." Sannan na shige banɗaki na kulle, gumi na tsiyaya, na yi ta kiran Gwaggo har waya ta yi zafi. Ba ta shiga, sabis a can sai an yi sa'a. Na kira Hajiya na ce a ƙara mana kwanaki, ta ce tana da baƙi daga Kaduna ranar Asabar ɗin. Kuma ko ta ƙara, sai me? Kwana goma zai zama gida ne? Ranar Juma'a a masallaci ban ji huɗuba ba, ina ta shirya yadda za ni fara. Na dawo da niyyata na tarar yana ba wani amininsa na Kurawa labari a waya, yana cewa "yaron nan ya fid da ni kunya". Na wuce na dama kunu.

Sai na ƙulla wata dabarar, irin ta sakarkaru. Asabar da safe in ce za mu dubawar ƙarshe, daga nan mu zarce tasha, in faɗa masa a mota inda ba zai iya yi mini tsawa a cikin mutane ba. Gwaggo kuwa, na lissafa tsohuwa ba ta kwashe zaman shekara arba'in cikin kwana biyu, za ni tare ta tun ba ta ɗaura ko ƙulli ɗaya ba.

Sha ɗaya da rabi, ina cusa kayanmu a jaka a ɓoye, na ji guɗa a ƙofar gida. Na leƙa. A-kori-kura ce, an ɗora mata turmi da taɓarya, buhun gero biyu, tukwane, katifa, har da ƙyauren ɗakinta na katako. Gwaggo ta sauko tana gyara lulluɓi. Direba ya sauke kayan ya yi gaba, ni ina tsaye kamar an dasa ni.

Ta kama hannuna da nata biyu. "Ɗan nan, ka rufa mani asiri, Allah shi rufa naka. Jiya gida-gida nib bi na nemi gafarar mutane, sun yafe mani, na yafe musu. Ɗakin na bar ma wasu bayin Allah da sunka rasa wurin zama. Kajin na rabar. Ni da Tsamaye sai dai ziyara."

Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. In tsohuwa ta bi gari tana neman gafara, ta yi sallama ke nan, ba a komawa bayan kwana biyu a ce wasa ake.

Ta mirgina turminta har tsakiyar falo, tana tambayar ina gabas. Ana haka Hajiya ta yi sallama, da sababbin zannuwan gado a hannu. Gwaggo ce ta tare ta, baki har kunne.

"Maraba da maƙwabta! Shigo, shigo, yanzu-yanzu nis sauka. Ɗan nan, kawo mata ruwa mana."

Hajiya ta kalli turmi a kan tayil ɗinta, ta kalli buhunan gero, ta kalle ni. "Malam, mene ne haka? Sha biyu ta yi fa. Baƙina ƙarfe biyu za su iso."

Gwaggo ta yi dariya. "Waɗanne baƙi kuma? Ai gidan ɗan wana na."

"Gidana ne, Inna. Kwana shida ya kama, yau suka cika."

Da ma an yi ihu, da ma an zage ni. Ba wanda ya ɗaga murya. Gwaggo ta dube ni tana jiran in ƙaryata matar, murmushin bai gama barin fuskarta ba. Baba ma ya dube ni, da idon nan da na kawo shi aka gyara, kuma wallahi likitan ya iya aiki, don har cikin hanjina ya gani. Na buɗe baki na ce, "Baba, da ma..." Ya ɗaga hannu.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce a hankali. "Laifina na. Yaron ya gaya mani haya ce, kunnen tsufa na, ban ji daidai ba." Ya juya ga ƙanwarsa. "Ige, ni na ɓata miki tafiya. Ɗauki turminki."

Mutumin da ya yi shekara arba'in a kasuwa ba a taɓa kama shi da magana biyu ba, yau ya yi ƙarya a gaban baƙuwa don ya rufa wa ƙato irina asiri. Kuma Gwaggo ta san kunnen wanta, mutumin da ke jin tafiyar ƙadangare a kan kwano. Ta ci ɗamara ta sunkuya za ta ɗaga turmin, na yi wuf za ni karɓa, ta ce, "Bari, ɗana, ka gaji." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Hajiya ta yi mana adalci, ta ba mu awa guda, har ta kama mana tukwane. Muka zauna a bakin titi gindin dogonyaro, mu uku da kaya jibge, muna jiran motar da za ta yarda ta ɗauki ƙyaure. Wani mai mota ya rage gudu, ya miƙo mana biredi da ruwan leda, ya ce Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da mu garuruwanmu lafiya. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu ta ce amin. (Bawan Allah bai yi kuskure sosai ba, sai dai ita Gwaggo ba 'yan bindiga suka raba ta da gidanta ba, ɗan wanta ne.)

Ba ta koma Tsamaye ba. Ta ce ba ta da fuskar da za ta kalli mutanen da suka raka ta bakin mota suna kuka. Falona na Isa na kwashe wa kujeru, can take har yau, ƙyaurenta na jingine a bayan ɗaki rana na cin sa. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Baba ma haka, ko sau ɗaya, kuma bai janye albarkar da ya sa mini ba. Abu ɗaya ne ya canza. Da aka yi masa ido na biyu, na fito daga wurin likita na ce masa an ce komai ya yi kyau. Ya gyaɗa kai, sannan ya juya ga ƙanwata da ta rako mu ya ce, "Haka likita yac ce?"

Darasin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Gidan kwanaki ba shi da laifi, yana da daɗi, yana da rufin asiri, amma ba a yi shi don mai son yabo irina ba. Yanzu in tafiya ta kama ni otal nake sauka, mai ƙaton allo a bakin titi, wanda ko makaho ya shafa ya san ba na ubana ba ne. Na san labarin ya kai kunnen Baba, bai kuma tambaye ni ba. Ko da ma na ce masa a masallaci nake kwana, sai ya tambayi wani.