Gonar Malam

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar ƙarshen damina a wani ƙauye kusa da Jakusko ba. Lokacin ina malamin gona na En'e a Gashuwa, Turawa ba su tafi ba tukuna. Aikina yawo a kan keke ina yi wa manoma wa'azin ƙasa: a zuba taki, a bar shanun Fulani su kwana a gona bayan girbi, kada a sare gawo. Baki kuwa Allah ya ba ni (matata takan ce da baki yana noma, da mun fi kowa rumbu).

Ƙauyen nan garin surukina ne, kuma shi ake ji. In ya gyaɗa kai kowa ya bi, in bai gyaɗa ba na yi wahalar banza. Don haka na ƙudura sai na burge shi.

Da na ga surutu a gindin tsamiya ba ya shiga, sai na ce wa manoman, har da surukina da mai gari, su biyo ni su gani da ido. Ba mu yi nisa ba na sami abin da nake nema: wata gona fara fat, rairayi zalla, ƙuduji ya cinye ta, karan geron kamar tsinken tsintsiya, ga kututturan gawo duk an sare.

Na ɗebi ƙasar na sake, iska ta kwashe. Na ce, "Kun ga gawa ke nan. Mai gonar nan ba manomi ba ne, ɓarawon ƙasa ne. Ya ci ya ci, ko kashin akuya bai mayar mata ba. Da ni ne mai gari, da na ƙwace ta."

Kowa ya yi tsit. Na ɗauka maganata ce ta ratsa su (haka nake, shiru ma yabo nake ɗaukarsa), sai na ƙara gishiri: "Wai ta wane malalaci ce?"

Surukina bai dube ni ba, saboda kunyar da ke tsakaninmu. Ya juya wajen mai gari ya ce a hankali, "A gaya wa Malam tasa ce. Ita na ba shi shekarar da aka ɗaura aure. Da gawonta na ba shi."

Gaskiyarsa. An ba ni, na aika da godiya daga Gashuwa, na ba wani ɗan'uwana aro, ban taɓa taka ta ba. Duk kaka dai ina karɓar dammunan gero. Nan take ma na tuna wata shekara da ɗan'uwan nan ya kawo mini itacen girki jibgi guda, har na sa masa albarka. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan.

Rani guda na yi ina jigilar taki da jaki da mangala, mutanen gari na wucewa suna yi mini sannu da aiki. Daga baya suka bi sahu. Gonar ta farfaɗo, sunana ne bai farfaɗo ba. Har yau a wajen, duk gonar da ta mutu "gonar Malam" ake ce mata.

Tun daga ranar, kafin in zagi mai gona sai na fara tambayar sunansa, a kunne.