Ranar da Na Shayar da Albasar Iya Saratu

Wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan alherin da ake yi a ɓoye. Har na rubuta shi da ajami a bangon littafin waƙoƙina, na ce a raina wannan aiki nawa ne.

A hanyar gida na ga gonar albasar Iya Saratu, gwauruwar da ke share mana coci, ta bushe har ƙasa ta tsattsage. Washegari da asuba na saɓi fartanya na sako mata ruwan kanal, wato magudanar noman rani, na tsaya har kowane fangali ya cika. Na koma gida ina tafiyar waliyyai.

Ni manomin shinkafa ne. Ban san da gangan ake yanke wa albasa ruwa in ta nuna don kada ta ruɓe ba. Saura kwana biyu Iya ta cire albasarta, kuma da ita za ta ci shekara.

Da hantsi na tarar da ita cikin taɓo, tana tsamo albasa tana waƙar yabo. Na durƙusa na ce, "Iya, ni ne."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Mugu ba ya yin ɓarna da irin wannan himma. Naɗe wandonka ka shigo."

Jama'ar coci suka fito muka shanya albasar, rabi ya tsira. Iya ba ta sake tayar da maganar ba. Dattawa kuwa har yau in na ce zan taimaka sai su ce, "Sarkin Ruwa, addu'arka ta isa, bar fartanyar a gida."