Rasuwar Tsohuwa Agnes, Bishiyar Rami na Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun fushi da bai gama hucewa ba, Mista Leland Voskuil, daɗaɗɗen ɗan kulob ɗin golf na garinmu a Michigan, yake sanar da 'yan uwa da abokan wasa rasuwar Tsohuwa Agnes, ƙatuwar bishiyar nan da ke tsaye dama da rami na bakwai tun zamanin kakanni.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Kowa ya san hannun Leland a karkace yake: in ya nufi rami, ƙwallonsa kududdufi take nufa. Agnes ce ke tarewa da ƙirjinta. Sai ka ji ƙwas, ganye ya zubo, ga ƙwallo ta dawo tsakiyar fili kamar an aiko ta. Da wannan ƙwas ɗin ya yi shekaru yana lallasa Orville, mijin ƙanwarsa, duk Asabar, yana kuma bugun ƙirji wai dabara ce.

Batun jinya kuwa, a faɗi gaskiya, marigayiya ko tari ba ta yi ba. Ciyawar bakin rami ce ke kwance rai a hannun Allah. Agnes ta tare mata hantsi, ta hana ta iska, saiwoyinta sun shanye ruwa, har wurin ya koma kamar kan mai sanƙo. Darlene, mai kula da fili, ta sha faɗa a taro cewa ko bishiya ko ciyawa, a zaɓi ɗaya. 'Yan kulob suka ce duka biyun suke so, kuma ciyawar ta zama irin ta talabijin. Leland ya daki tebur ya ce, "Sai dai a fara sare ni."

Ba a sare shi ba. Darlene ta jira sanyi ya kankama, masu dukan tebur duk suka tsere Florida shan rana, sannan ta fito da zarto mai inji cikin dusar ƙanƙara. Agnes ta cika babu masoyi ko ɗaya a kanta.

Abin da ya fi ƙona wa Leland rai shi ne dawowar jama'a. Suka yi ta wucewa ta wurin suna yabon ciyawa, suna tambaya ko sabon taki aka samo. Ba wanda ya lura an yi rashi sai da ƙwallonsa ta ce tsundum. Orville ya leƙa ruwan ya ce, "Yaya, dabarar taka ta iya iyo kuwa?"

Marigayiya ta bar kuregu marayu, da ciyawa kore shar wadda Leland ya shafa a ɓoye ya ji haushin laushinta, da shi kansa Leland, wanda rabonsa da cin Orville tun bara. Yana kewarta ƙwarai, kuma ba ya jin kunyar faɗa.

An sassaƙa benci daga jikinta, za a kafa shi daidai inda ta tsaya ranar Asabar da hantsi. Akwai kofi da donat a barandar kulob. Iyalan mamaciya suna roƙon masu ta'aziyya, don Allah, kada kowa ya zauna a kan bencin har sai Leland ya gama buga ƙwallonsa, don bencin take nufa.