Rasuwar Dattijo, Haɗin Launin Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya gaji da kallon kwamfuta, iyalan mai hoto na bakin titi ke sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Dattijo, ranar Talata da hantsi, yana da shekara shida.

Ga wanda bai san marigayin ba, Dattijo haɗin launi ne da mai hoto ya ajiye a kwamfutarsa. Dannawa ɗaya, sai hoton kyamarar zamani ya koma kamar na fim ɗin da: fata ta yi ɗumi, inuwa ta yi laushi, ɗan tsaki-tsaki ya bazu a kai. Shekara biyu mai hoto ya yi yana dafa shi, yana ƙara ja yana rage shuɗi, yana gwadawa da wani tsohon hoto da mahaifinsa ya wanke da hannu, har sai da biyun suka zama uwa ɗaya uba ɗaya.

Marigayin ba shi da hayaniya. Iyakar maganarsa “ƙit”, kwamfuta ta ɗan yi “fuuu”, aiki ya kammala. Ya rufa asirin masu ƙuraje da na angwayen da suka sha rana, bai taɓa yi wa kowa gori ba.

Bai yi jinya ba. Wani direba ne ya shigo neman hoton fasfo, motarsa na kunne a waje. Mai hoto ya haske bango fat, ya busar da launin, garin sauri ya danna ajiyewa a kan sunan Dattijo. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Nan take launin fasfo ya danne Dattijo.

Kwafi kuwa babu. Mai hoto, Allah ya shirye shi, ko a filas, ɗan abin ajiyar nan na kwamfuta, bai taɓa sa Dattijo ba, wai kada a sace. Ƙaninsa, wanda suke aiki tare, ya roƙa ya fi a ƙirga, amsar kullum ita ce: “Kai ma je ka dafa naka.” Hatta hotunan da ya gama, gogewa yake da zarar an wanke, don kada wani ya bi sawu. Kwana uku ke nan yana jan ja yana jan shuɗi a kan hotunan wani biki, amarya ta fito kore, ta fito toka. Hannunsa ya manta hanya, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa.

Marigayin ya bar mai hoto, da kyamara biyu, da kundin biki guda wanda aka wanke rabinsa. Uwar amaryar ta tsallake shaguna huɗu ta zo nan, ta ajiye tsohon hoton nata auren a kan tebur ta ce: “Ɗana, irin wannan nake so, kada ka yi mini na zamani.” Mai hoto ya buga ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta. Ranar Asabar da ƙarfe goma za ta zo karɓa.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa a shagon, a kan bencin masu jiran fasfo, daga yau har safiyar Asabar. Ba a sa lokacin binnewa ba, domin sunan marigayin na nan a jeri, kuma mai hoto ya kasa goge shi. Ana roƙon duk wanda ya taɓa satar kwafi a ɓoye ya taho da shi kafin ƙarfe goma. An yafe masa duniya da lahira. An fara da ƙanin mai hoto. Ya rantse bai taɓa ba, mai hoto ya riƙe hannunsa ya ce: “Don Allah, ƙara tunawa dai.”